Kan Ragon Malam Idi a Jarrabawar Likitoci

Akwai wata Litinin da ban taɓa mantawa da ita ba a shekarun da na yi ina aiki, kuma duk lokacin da Sallar Layya ta zo na ji ƙaurin babbaka yana tasowa daga gidajen maƙwabtanmu a Banifandu, sai ta dawo mini sabuwa. Na zauna rubuta ta ne saboda ke Hadiza, da kika gaji kujerata a biro, wato ofis, kin tambaye ni wa ya sa layukan Hausa guda uku a ƙasan takardar sanarwar da kuke sake bugawa kowace shekara. To ga yadda aka yi.

Shekara goma sha tara na yi ina sakatariya a sashen kunne, hanci da maƙogwaro na wani babban asibiti a nan Yamai. Karatuna a kolej ya tsaya, ban san allura ba, ban san wuƙa ba. Aikina buga takarda, sa tambari, da jin abin da ba a ce in ji ba. Yanzu ina gida ina fama da tukunya da jikoki.

Ga wanda bai san tsarin ba, likita yakan gama dogon karatunsa na farko, ya yi aiki, sannan in yana son ya ƙware a kunne da hanci da maƙogwaro sai ya dawo ya sake zama ɗalibi shekara huɗu a ƙarƙashin shef na sarwis, wato shugaban sashen. Kowannensu yana da ɗan littafi da ake sa masa hannu a kan duk aikin da ya iya. Akwai shafi ɗaya a shekarar ƙarshe, na tiyatar cikin kunne, wanda ba namu ke sa wa hannu ba. Wani tsohon furofesa ne yake zuwa daga wata ƙasa ta bakin teku sau ɗaya a shekara, ya duba hannun ɗalibi da idonsa. In bai sa hannu ba, sai baɗi.

Ba a koyon wannan aiki a kunnen mai rai da farko, alhamdu lillahi. Dodon kunne fata ce da ba ta kai ɓawon albasa kauri ba, bayanta kuma ƙananan ƙasusuwa uku ne masu kamar girman ƙwayar shinkafa. A wasu ƙasashe a ƙashin gawa ake gwadawa. A nan kuwa, wa zai ba ka gawar ɗan'uwansa? Kafin ka gama tambaya an yi mata sutura an kai ta. Shi ya sa a wannan shekarar tsohon ya rubuto cewa a nemo kawunan raguna, don cikin kunnen rago ya yi kusa da namu. Ni na buɗe wasiƙar. Ya rubuta ƙarara: ɗanye, da fatarsa, da kunnuwansa, a ajiye a sanyi.

Ɗaliban shekarar ƙarshe biyu ne. Akwai Doktor Mustafa, ɗan gaban goshin Shef. Yaro ne mai kyau, mai turare, in ya buɗe baki da Faransanci sai ka ɗauka a rediyo aka haife shi. Ya kalli tiyatar kunne a wayarsa har ya haddace, yakan tsaya a baranda yana yi wa ƙananan ɗalibai bayani yana yanka iska da yatsa. Iskar kuwa ba ta taɓa zubar da jini ba. Sai Doktor Balkisa, wadda wani asibiti na jihar Tawa ya turo, ta bar miji da ƴaƴa biyu a can, tana haya a ɗaki ɗaya. Ba ta da magana. Ita ce mai ciro wake da dutsen guga da batirin agogo daga hancin yara, ita ce mai zama da tsofaffi tana yi musu bayani da Hausa har su gane. Duk gardin da wani ya gudu, wato kwanan aiki a asibiti, a kanta yake faɗawa. In ta rasa sa hannun nan, shekara guda za ta ƙara nesa da ƴaƴanta, mutanen can kuma su ci gaba da hawo mota kwana guda don ciwon kunne.

Zuwan tsohon ya faɗo Litinin, kwana biyu bayan Sallah. Shef ya ji daɗi ƙwarai, ya ce Allah ya kawo kawuna kyauta. Ya kira ni ya karanto mini sanarwa: kowane ɗalibi ya zo da kan rago ɗaya ranar Litinin ƙarfe takwas.

Na ɗaga kai daga ordinata, wato kwamfuta, na ce, "Ranka ya daɗe, in ƙara cewa ɗanye?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "Madam Idi, likitoci nake rubuta wa, ba mahauta ba."

"Ai ba su ne za su taɓa kan ba, ranka ya daɗe. Iyayensu ne da matansu."

"Ki buga abin da na faɗa. Akwai kuma maganar bandarol, a tabbata sunana bai fita ƙarami ba."

Na buga abin da ya faɗa. Bandarol, wato ƙyallen nan da ake rubuta sunan taro a rataya, sau uku aka sake shi a wannan mako. Kan ragon kuwa ba a sake ambatonsa ba.

Ranar Alhamis na tarar da Doktor Balkisa tana wanke hannu, na tambaye ta ina za ta samo nata, tunda ba ta da rago kuma gardi ya faɗo mata ranar Sallar. Ta ce, "Tanti, kada ki damu. Doktor Mustafa ya ce gidansu raguna biyu za a yanka, zai zo mini da ɗaya."

Na ce, "Ya gaya wa Hajiya mahaifiyarsa yadda ake son shi?"

Ta ce, "Ai likita ne, Tanti."

Kowa ya dage a kan wannan magana, kamar takardar shaidar likita tana hana wuta kama gashi.

Ku da kuka tashi a Yamai kun san yadda ranar take. Ana saukowa daga Idi a yanka, a feɗe, a soke ragunan a sanduna a jera su a ƙofar gida kewaye da wuta har yamma. Kai da ƙafafu kuwa ba su wuce awa ɗaya ba a miƙa su ciki, a babbake, a kankare, a faskara kan da gatari. Ba wanda ke ba da umarni, hannu ne ya saba. Gidan da aka bar kai da gashinsa har azahar, sai maƙwabta su fara tambaya ko uwargida ba ta da lafiya.

Maigidana Malam Idi tela ne a kasuwar Wadata. Watan Sallah ba ya ganin gida, keken ɗinki ne matarsa, kuma abin da yake sa rai da shi duk shekara shi ne romon kan ragonsa washegarin Sallah, da yaji da burodi. Da aka miƙo mini kan, sai na wanke shi, na naɗe a leda biyu, na tura can ƙasan firigo wajen ƙanƙara. Washegari ya zauna a tabarma ya tanƙwashe ƙafa, na kawo masa soyayyen nama.

Ya ce, "Zainabu, ina kan?"

Na ce, "Malam, kan zai je lakkol, karatu zai yi."

Na yi masa bayani. Ya kalli kwano, sannan ya ce, "Wato ni na yi wata guda ina ɗinki har idona ya yi ja, don ragona ya zama likita."

"In ba a bukace shi ba, gobe da yamma zan dawo da shi in dafa maka."

"In kuma an bukata?"

"Sai ka samu ladan sadaka."

Ya ce lada dai yana so, amma da an bar shi ya zaɓi cinya. Allah ya saka masa, bai hana ba.

Ranar Litinin na sa kan a cikin kula da ƙanƙara, na shiga taksi, na tura kular ƙarƙashin tebur ɗina. Ban gaya wa kowa ba. In na yi kuskure, ba na so a ce sakatariya ta zo koya wa likitoci aiki.

An share ɗakin taro, an jera mikroskop biyu, wato madubin nan mai ƙara girman abu da ake leƙa kunne da shi. Bandarol ya hau bango, sunan Shef ana karanta shi daga bakin titi. An kira mai ɗaukar hoto. Tsohon furofesan ya iso da ƴar jakarsa, siririn mutum mai furfura, ya ƙi zama a kujerar da aka lulluɓe masa da farin ƙyalle, ya ce a nuna masa kawunan.

Ƙananan ɗalibai su shida suka buɗe ledojinsu. Shida duka baƙaƙe, an babbake su tas, an kankare, kunnuwan sun ƙanƙance kamar busasshen ganye. Huɗu an faskara su biyu. Ɗaya ma an cire ƙwaƙwalwar an ƙulla ta daban a ƴar leda don kada ta zube, aikin mace mai tsabta. Tsohon ya ɗauki ɗaya ya juya, ya leƙa inda kunne yake a da, ya ajiye.

Shef ya fara faɗa. Ya yi musu Faransanci mai tsawo a kan rashin tunani, da yadda ƙasar nan ba za ta ci gaba da irinsu ba. Ya ce sa'a ɗaya, shi ya sa direbansa ya kawo nasa daga gida don baƙo ya yi gwaji a kai. Direba ya shigo da leda. Aka buɗe. Uwargidan Shef ta fi kowa iya babbaka, har ta raba shi huɗu don ya shiga tukunya ba wahala.

Ni na sunkuyar da kai ina gyara takardun da suke a gyare.

Sai ga Doktor Mustafa, ya makara da minti ashirin, yana rungume da wata babbar kula mai zanen furanni. Tun daga baranda ƙamshi ya riga shi shigowa: citta, kanumfari, tafarnuwa, masoro. Shi kansa bai buɗe ba tun daga gida, an sa masa a mota ya tuƙo. Da ya ɗaga murfin sai tururi ya tashi ya rufe masa tabarau. Kawuna biyu ne, sun dahu luguf a cikin romo, an yanka albasa an yi musu ado a sama.

Shef ya ce, "Mene ne wannan?"

Mustafa ya ce a hankali, "Na gaya wa Hajiya a ajiye mini kawunan, Furofesa ne ke so."

Iyakar bayaninsa ke nan. To, ina laifin Hajiya? An ce mata babban baƙo, malamin ɗanta, ya taso daga wata ƙasa yana son kan rago. Wace uwa ce a garin nan za ta aika wa baƙo ɗanyen kai da gashi da majina? Ta tashi da asuba ta yi abin da mutunci ya ce ta yi. Har da burodi ta sako.

Majo, wato babban nas ɗinmu, ya ce bari a ruga mahauta. Kowa ya san banza ne. Kwana biyu bayan Layya wa ke yanka? Mahauta suna gida suna cin nasu, ragunan Yamai kaf sun riga sun zama soye. Jirgin tsohon kuma da yamma zai tashi.

Na dubi Doktor Balkisa. Tana tsaye jikin bango da farar rigarta da ta kwana biyu a gardi, ta riƙe ɗan littafinta da hannu biyu. Ba ta yi kuka ba. Ta dai buɗe jaka ta mayar da littafin ciki, ta ja zip. Wannan jan zip ɗin ne ya tashe ni.

Na je biro na ɗauko kulata, na ajiye a gabanta na ce, "Doktor, ga naki."

Ta buɗe. Ragon Malam Idi yana kwance da farin gashinsa da kunnuwansa biyu, ido a buɗe, kamar shi ma ya zo jin abin da ake ciki.

Nan take Shef ya warke. Ya matso yana murmushi, ya gaya wa baƙon cewa dama sarwis ya yi tanadin ko-ta-kwana. Sannan ya tsara rabo: kai ɗaya kunne biyu, na dama Furofesa zai yi gwaji a ɗauki hoto, na hagu Doktor Mustafa zai yi jarrabawa. Ya juya ga Balkisa ya ce, "Ke sai ki tsaya kusa ki kalla. Kallo ma karatu ne."

Shekara goma sha biyar ke nan a lokacin ina ce wa mutumin nan "to". Amma ranar na ɗora hannu a kan murfin kular.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba na sarwis ba ne. Layyar mijina ce."

Ya rage murya ya ce da Hausa, wadda ba ya yi sai ya matsu, "Madam Idi, kada ki ba mu kunya gaban baƙo. Za a biya ki."

"Ba a sayar da layya, ranka ya daɗe, kai ma ka sani. Kyauta ake yi. Kuma na riga na ba da, tun jiya na yi niyya. Yanzu nata ne. In za a roƙa, ita za a roƙa."

Tsohon ya tambayi me ake cewa. Ba wanda ya so fassarawa, sai na tattaro Faransancina na kolej na gaya masa da kaina, har da maganar romon Malam Idi. Ya tambaye ni yadda na san a bar shi ɗanye. Na ce a wasiƙarsa na gani. Ya dubi Shef ya daɗe. Sannan ya ce shi ya yi shekara talatin yana buɗe kunne, ba ya bukatar ya nuna wa mai hoto ya iya. Ya ce da Balkisa, "Madam, kanki ne. Wane kunne kike so, kuma me za ki yi da ɗayan?"

Ta ce za ta ɗauki na dama, na hagu a ba Doktor Mustafa. Ni da a raina na so ta bar shi ya ɗan yi gumi tukuna, Allah ya yafe mini.

Aikin da aka ba su shi ne a ɗaga dodon kunnen a hankali, a nuna ƙasusuwan nan uku ba tare da an motsa su ba, a shimfiɗa ɗan faci a ƙarƙashi, a mayar. Tsohon ya ce mai kai ta zo ta gani, ya ba ni ido ɗaya na mikroskop. Shekara da shekaru ina dafa kan rago, ban san akwai ɗan ɗaki irin wannan a ciki ba, fari fat, komai a jere. Na yi tasbihi. Hannun Balkisa bai yi rawa ko sau ɗaya ba. Hannun da ya saba da hancin yaro mai shure-shure, me zai ji a kunnen ragon da ba ya motsi? Ta yi kusan minti arba'in tana aiki. Da ta gama tsohon ya leƙa, ya miƙa hannu ya ce ta ba shi littafin.

Doktor Mustafa ya fara da jawabi. Ya ambaci sunan kowace jijiya, da sunan Baturen da ya fara ganinta. Tsohon ya ce masa ragon ba ya jin Faransanci, ya shiga aiki. Cikin minti biyar dodon kunnen ya yage, cikin goma ɗaya daga ƙasusuwan ya fito a bakin ɗan ƙarfensa. Ya ɗago yana kallonsa kamar wani ne ya sa masa. Tsohon ya ce, "Da mutum ne, ka kurumtar da shi. Ka ci sa'a wannan ya riga ya mutu." Bai sa masa hannu ba. Na ji tausayinsa, don ba mugu ba ne. Tun shigarsa ake yaba bakinsa, ba wanda ya taɓa duba hannunsa.

Da lokacin shan shayi ya yi, ba wanda ya kalli biskit ɗin da aka jera. Kular Hajiya aka buɗe. Gaskiya ban taɓa cin romon kai irin nata ba. Tsohon ya naɗe hannun riga ya ci harshe, ya nemi ƙari. Shef ya ci ido. A hotunan ranar, wanda ya fi fita da kyau shi ne na manyan masana kunne sun kewaye kula suna tsotsar ƙashi a ƙarƙashin bandarol.

Sauran labarin ni na buga shi da hannuna. Rahoton taro ya ce an yi nasara saboda hangen nesan shugaban sashe. Doktor Balkisa ta gama a kan lokaci, ta hau bas ta koma Tawa wajen ƴaƴanta, tana can har yau. Doktor Mustafa kuwa, tunda ya faɗi, sai aka ga ya kamata a tura shi ƙasar waje wata shida ya ƙaro gogewa. Ita da ta ci ta samu kujerar bas, shi da ya faɗi ya samu ta jirgi. Ni dai tambari kawai na sa.

Kan ragon ya wuni a ƙarƙashin fitila, ba ya ciwuwa. Na kawo shi gida na binne a gindin dalbejiya. Malam Idi ya tsaya a kaina yana kallo, ya ce, "To, ya ci jarrabawar?" Na ce kunne ɗaya ya ci, ɗaya ya faɗi. Ya ce haka ƴaƴansa ma suke.

Da shekara ta zagayo Shef ya sake karanto mini sanarwar, kalma a kalma yadda take bara. Na buga. A ƙasa na ƙara da Hausa, da manyan baƙaƙe: KADA A BABBAKE. KADA A FASA, KADA A DAFA. A KARANTA WA MAI GIRKI WANNAN TAKARDA. Ya sa hannu bai duba ba. Kawuna takwas suka zo lafiya. A taron rufewa na ji shi yana gaya wa baƙi cewa shi ya daɗe da gane muhimmancin yi wa al'umma magana da harshenta.

Abin da na koya, Hadiza, mutanen nan suna da ilimi na gaske, na ga sun mayar wa kurma ji, na ga sun ciro tsabar kuɗi daga maƙogwaron jariri. Amma karatun yana da tsawo, kuma a hanya wasu sukan manta yadda ake yi wa mutum magana ya gane. Likitan da ya kasa gaya wa mahaifiyarsa yadda yake son kan rago, ki lura da shi ranar da zai gaya wa tsohuwa daga ƙauye sau nawa za ta ɗiga magani. In kin ga ya fito daga ɗakin duba marasa lafiya da sauri, tsohuwar kuma ta tsaya a baranda tana juya takarda, ki bar ordinata ki je wajenta.

Layukan nan uku kuma kada ki goge su, ko wa ya zama shef. Ba zai lura ba, ba sa karanta ƙasan takarda.